Yadda ake ba ruwan shuka iska a noman bokiti, musamman a zafin Sakkwato

Manomin fadama, irin na Kwalkwalawa da sauran bakin gulbin Rima, idan ya ga ganye ya yi laushi ya san ƙishirwa ce, sai ya kai ruwa. A noman bokiti kuwa, wanda ake yi ba ƙasa, saiwa na rataye cikin ruwan da aka dama wa taki, za ka ga latas ko tumatir ya langaɓe da tsakar rana alhali ruwa ya kai masa iya wuya. Sai mai shi ya ƙara taki, ko ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Galibi iska ce ta ƙare a cikin ruwan.

Saiwa tana numfashi dare da rana. Da iskar oksijin take ƙona abincin da ganye ya aiko mata, ta sami ƙarfin zuƙo ruwa da taki. A gona, iskar na nan cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. A bokiti sai ɗan abin da ya narke cikin ruwa, shi kuma bai taka kara ya karya ba: lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin fiye da ninki 30 na abin da lita ɗaya ta ruwa ke iya riƙewa. Ga shi kuma idan ruwa na kwance, iskar da ke samansa ba ta gangarawa ƙasa da sauri, don tafiyarta cikin ruwa ta fi ta sarari nawa da kusan ninki 10,000.

Zafi ne ke ƙara dagula lissafin, kuma a nan mu mutanen Sakkwato muka fi kowa ji a jika. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a kowace lita. A digiri 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi, a 35 ya koma kusan 7, a 40 kuwa bai kai 6 da rabi ba. Wani zai ce ai ragin ba shi da yawa. To amma duk ƙarin digiri 10, numfashin saiwa da na ƙananan halittun da ke cikin ruwan kan kusan ninkawa, wato buƙata na hawa yayin da abin da ke akwai ke sauka. Cutar ruɓewar saiwa ma, wadda wata ƙwaya mai suna Pythium ke kawowa, ta fi samun gindin zama a ruwa mai ɗumi maras iska. Saboda haka ka riƙe wannan tun kafin ka kashe ko kwabo: famfon iska, komai ƙarfinsa, ba ya iya cusa wa ruwa fiye da abin da zafinsa ya yarda ya riƙe. Sanyaya ruwa da ba shi iska aiki ɗaya ne.

Mataki na 1: auna zafin ruwanka

Ka nemi ma'aunin zafi wanda ake tsomawa cikin ruwa, irin na masu kiwon kifi. Ka auna da asuba, ka sake aunawa bayan la'asar, domin lokacin ne ruwan bokiti ke kaiwa ƙololuwar zafinsa, ba da tsakar rana ba. Abin da aka fi so shi ne tsakanin digiri 18 da 24. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an fi samun haka cikin sauƙi, shi ya sa nake ba duk mai farawa shawara ya fara a lokacin. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin gari ke haura 40, idan ka iya riƙe ruwanka ƙasa da 28 ka yi ƙoƙari. Idan ya zarce 30 kullum, latas ba zai yi ba, ka koma kan alayyafo ko ɗoɗɗoya ko attaruhu, waɗanda suka fi shi jure zafi.

Mataki na 2: mazubi da wurin ajiye shi

Bokitin fenti mai lita 20 da aka wanke tas shi ne abin da yawancinmu ke amfani da shi, kuma yana yi. Amma abin da ya fi shi shi ne tsohuwar kular ƙanƙara irin ta masu zoɓo da kunun aya, domin bangonta ba ya barin zafi ya ratsa. Sai ka huda murfinta inda kofunan shuka, wato 'yan kofuna masu huji-huji da saiwa ke zubowa ta cikinsu, za su zauna. Kuma mazubi babba ya fi ƙarami: ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, kuma ajiyar iskarsa ta fi daɗewa. Tumatir ko kokwamba guda ɗaya, ka ba shi bokiti sukutum. Latas kuwa lita 4 zuwa 5 ga kowane kai ta wadatar.

Kada haske ya shiga ruwan ko kaɗan. Idan ya shiga, gansakuka za ta fito, ita kuma da dare tana shan oksijin tare da saiwa, idan ta mutu ruɓewarta ma ta ci wani. Farin bokiti yana barin haske ya ratsa, baƙi kuma yana tara zafi. Mafita ita ce ka shafa masa baƙin fenti tukuna, ya bushe, sannan ka bi da fari a kai. Murfin ya rufu ruf, wanda hakan zai hana sauro yin ƙwai a ciki, abin da ba ƙaramin amfani ba ne ga gida mai yara.

Kada ka ɗora bokitin kan daɓen siminti da rana ke duka, ko jikin bangon yamma, ko kan rufin bene ba inuwa. Ganye ne ke son rana, bokiti ba ya so. Ga dabaru uku na sanyaya shi, kuma ana iya haɗa su:

Ka haƙa rami ka binne kashi biyu cikin uku na bokitin, domin ƙarƙashin ƙasa ya fi samanta sanyi da rana.

Ko ka naɗe shi da buhun algarara, ka riƙa jiƙawa da hantsi da azahar. Iskar bazarar nan busasshiya ce ƙwarai, tana kwashe danshin buhun tare da zafin bokitin. Da damina, sa'ad da iska ta yi laima, dabarar ba ta cika aiki ba.

Ko ka zaunar da bokitin cikin babbar tukunyar ƙasa, ka cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Wannan ita ce dabarar tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya yaɗa don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma kada ka zuba ruwan takin kai tsaye cikin tukunyar ƙasa, zai riƙa tsatsafowa, gishirin takin ya taru a jikinta, ma'aunin da ka dama ya rikice.

A ranakun da zafi ya yi tsanani, gorar ruwa da ta daskare a firji, a rufe gam, idan aka jefa ta cikin bokitin da azahar tana rage zafin. Kada ta taɓa saiwa, kuma kada a zuba ƙanƙarar tsirara.

Mataki na 3: kayan hura iska

Abu huɗu ne. Famfon iska ƙarami irin na akwatin kifin ado. Siririn tiyo mai faɗin milimita 4 daga ciki. Dutsen kumfa, wato wani ɗan dunƙule mai ƙofofi ƙanana wanda ke fasa iska ta zama kumfa. Sai ɗan bawul mai barin iska ta wuce gaba, ya hana ruwa komowa baya. Ana samunsu wurin masu sayar da kayan kiwon kifi, ko a yi oda ta intanet.

Kada girman famfo ya ruɗe ka. Ka duba jikin kwalinsa, za ka ga an rubuta lita nawa ta iska yake hurawa a minti ɗaya. Lissafin da masu wannan noma suka saba bi shi ne lita 1 ta iska a minti ga kowace lita 4 ta ruwa. Ke nan bokiti mai lita 16 a ciki yana son famfo mai lita 4 a minti. A garin zafi irin namu gara ya ɗara da ya gaza. Ka tambayi mai kayan: "Malam, wat nawa yake ci, kuma yana aiki da batir?" Amsar wannan ce za ta yi maka amfani ranar da aka ɗauke wuta. Ƙananan famfunan kan ci wat 2 zuwa 5 ne kawai, ba su kai ƙwan fitila ba.

Akwai masu sa famfon ruwa a cikin tanki ya riƙa ɗaga ruwa yana zubo shi daga sama. Wannan ma yana ba da iska sosai, kuma idan tsarinka na bututu ne da ruwa ke zagayawa ya komo tanki, ka ɗaga bakin bututun komowar ya zama ruwan na faɗowa ne daga tsayin taƙi ɗaya ko fiye, ka sami iska kyauta. Sai dai injin da ke nutse cikin ruwa duk zafin da ya yi a ruwan yake zubewa. A ƙaramin bokiti a watan Afrilu ban ga dalilin yin haka ba.

Mataki na 4: haɗawa

Ka jiƙa dutsen kumfar cikin ruwa mai tsabta kamar awa ɗaya kafin ka sa shi aiki, don ƙofofinsa su buɗe.

Ka huda ƙaramar ƙofa a murfin bokitin, ko a jikinsa can sama da inda ruwa zai tsaya, daidai kaurin tiyon. Ka zura tiyon, ka maƙala dutsen a bakinsa, ka zaunar da shi a gindin bokitin daga tsakiya, yadda kumfar za ta taso ta ratsa saiwoyin. Idan yana tasowa sama, ɗaure masa tsakuwa mai tsabta. Kada ka ɗaura ƙarfe, ruwan taki zai ci shi.

Ka yanke tiyon kusa da famfo ka sa bawul. Yana da gaba da baya, don haka ka hura da baki tukuna: ɓangaren da iska ke fita shi zai kalli bokiti. Duk da bawul ɗin, ka ɗora famfon a wurin da ya fi saman ruwan tsayi. Dalili kuwa, idan wuta ta ɗauke famfo na ƙasa, ruwa kan bi tiyo ya gangaro cikinsa, ya zube a ƙasa, idan an dawo da wuta kuma ga jiƙaƙƙen inji a jikin soket. Wayar ma ka bar ta ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, don ɗigon ruwa ya tsaya a lanƙwasar.

Wurin zaman famfon yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Iskar da ke kewaye da shi ita yake turawa cikin ruwa. Idan yana rana ko ƙarƙashin kwanon rufi, iska mai zafi yake ɗura wa saiwarka, kuma robar da ke bugawa a cikinsa za ta yi saurin tsagewa. Ka sa shi cikin ɗaki ko zaure ko inuwar da ta fi sanyi, ka ja tiyo. Ka shimfiɗa masa soso don rage gurnani da dare.

Idan famfo ɗaya zai ciyar da bokiti biyu ko uku, ka sa mahaɗa mai ɗan makunni a kowane reshe. Iska tana bin inda ya fi sauƙi, sai ka ga bokitin da ruwansa ya ragu yana ta kumfa, cikakken kuma shiru. Da makunnan za ka daidaita su.

Yanzu kunna. Abin da kake so ka gani shi ne kumfa ƙanana masu yawa suna tasowa, saman ruwan na motsi ko'ina, saiwoyi na ɗan kaɗawa a hankali. Ƙananan kumfa sun fi manya amfani, don sun fi daɗewa cikin ruwa kuma jikinsu da ke gogar ruwan ya fi yawa. Motsin saman ruwan shi ma yana shigar da iska mai yawa. Idan ta kai dattijon gida ya leƙo ya ce, "Yaro, mi ka tahwasa cikin bokitin ga?" to ya yi yawa, ka rage, domin irin wannan tumbatsa tana kakkarya ƙananan gashin saiwa.

Mataki na 5: bar tazara tsakanin ruwa da murfi

Wannan ya fi duk abin da na lissafa a sama muhimmanci a wurina, kuma kyauta ne.

Ranar dashe, ruwan ya taɓa gindin kofin shukar da kamar santimita 1, don ƙaramar saiwa ta same shi. Da zarar saiwoyi sun zubo sun yi tsawon ɗan yatsa, ka bar ruwan ya sauka, ya zama akwai sarari na santimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da gindin kofin. A cikin wannan sarari mai danshi, sashen saiwar na sama zai yi fari fat, ya fitar da gashi mai laushi, ya koma shan iska kai tsaye, na ƙasa kuma ya ci gaba da shan ruwa. A kan wannan ne Dakta Kratky na Jami'ar Hawai a Amurka ya gina tsarinsa na noman latas ba famfo ba wuta, inda ake cika mazubi sau ɗaya, ruwa na raguwa sararin iska na ƙaruwa har ranar girbi.

Ban ce ka dogara da tazara kaɗai a bazarar Sakkwato ba, musamman ga tumatir da ke shan ruwa da yawa. Amma shukar da ke da saiwar iska tana iya jure awanni ba famfo, wadda aka nutsar gaba ɗaya kuwa wuni ɗaya na zafi ba wuta ya isa ya kassara ta.

Sai a kiyaye abu ɗaya: idan saiwar iska ta riga ta fito, kada ka sake cika bokitin har baki. Za ka nutsar da ita, shukar ta langaɓe washegari. Ka sa alama a jikin bokitin daga ciki, ka riƙa ƙara ruwa kaɗan kaɗan zuwa alamar kawai.

Mataki na 6: shirin ɗaukewar wuta

Famfon ya kamata ya yi aiki dare da rana, don saiwa ba ta hutun numfashi. Tunda wuta ba ta da tabbas, ga hanyoyi.

Mafi sauƙi shi ne ƙaramin famfo mai kan USB, wanda ke cin kusan wat 1. Fawa bank mai mAh 10,000 yana iya riƙe shi kusan kwana ɗaya. Ka gwada tukuna, domin wasu fawa bank kan kashe kansu idan abin da aka jona bai ja wuta sosai ba. Irin wannan famfo bokiti ɗaya zai iya, ba biyu ba. Akwai kuma masu batir a ciki, waɗanda ke caji idan da wuta, su ci gaba da kansu idan an ɗauke.

Mai bokitai da yawa ya yi lissafin sola. Famfo mai wat 3 yana cin wat-awa 72 a kwana. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, amma rabi ake so a ci don ya yi ƙarko, wanda zai kai ka daga magariba zuwa hantsi. Farantin sola mai wat 20 zuwa 30 da ƙaramar kwantirola mai daidaita caji sun isa su cika shi kuma su riƙe famfon da rana. Ka riƙa share ƙurar farantin, don da hunturu tana rage masa ƙarfi ƙwarai. Idan dole ne ka yi tsimin wuta, ka tabbata famfon na aiki daga azahar zuwa bayan isha, lokacin da ruwa ya fi zafi.

Idan komai ya tsaya, hannunka na nan. Ka ɗaga murfin da shukar a hankali ka ajiye a inuwa kan wani bokitin, ka ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama, yadda mai shayi ke sheƙa shayi tsakanin kofuna biyu, na minti biyu ko uku. Ka maimaita da azahar, da la'asar, da kafin barci. Ka kuma rage ruwan don tazarar ta ƙaru.

Mataki na 7: kulawar mako mako

Ruwan burtsatse ko na rijiya yana fitowa da ƙarancin iska, na famfo kuma wani lokaci da sinadarin kulorin. Ka tara shi a inuwa, ka sa masa dutsen kumfa ya kwana, sannan ka dama taki. Kada ka ɗebi ruwan tankin sama da rana tsaka ka zuba wa shuka, da zafinsa yake saukowa. Da asuba ake ɗiba.

Hura iska kan sa ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa, ya riƙa hawa a hankali, tsamin na raguwa. Ana so ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. Idan ya wuce, shuka ba ta iya ɗaukar sinadarin ƙarfe, sai sababbin ganye su fito rawaya jijiyoyinsu na kore. Ka riƙa aunawa duk bayan kwana biyu ko uku. Kumfa kuma tana ƙara saurin ƙafewar ruwa, takin da ya rage ya yi kauri. Don haka a lokacin zafi yawancin ƙarin da za ka yi ya zama ruwa zalla, sannan ka zubar da duka ka dama sabo duk mako biyu. Tsohon ruwan ka ba bishiyar gida.

A ƙarƙashin famfon akwai ɗan audugar tace iska. Ƙurar hunturu tana toshe shi cikin ɗan lokaci, famfo na ta gurnani kumfa ba ta fita. Ka cire ka kakkaɓe ko ka sauya. Dutsen kumfar ma yana toshewa, ko da yauƙi ko da farin dasashi, wato farin gishirin da ke daskarewa a jikinsa, musamman inda ruwa ya ratsa dutsen farar ƙasa irin wanda ake haƙa a Kalambaina don siminti. Farin dasashi ruwan lemun tsami ko binega ke narkar da shi idan ya kwana a ciki. Yauƙi kuma sai buroshi da ruwan bilic da aka tsarma sosai, a ɗauraye sau da yawa, a shanya ya bushe. Kada ka taɓa haɗa bilic da lemun tsami ko binega, hayaƙin da ke tashi guba ne. Ka ajiye dutse na biyu, ɗaya na aiki ɗaya na wanki.

Idan saiwa ta fara ruɓewa

Ka riƙa ɗaga murfi kana dubawa, kana shinshinawa. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, tana da ƙarfi, ƙamshinta na ɗanyen ganye. Wasu takin kan rina ta ta yi ruwan ƙasa ba tare da ciwo ba, don haka ka gwada da hannu: ka kama silin saiwa ɗaya ka ja a hankali. Idan fatarta ta saɓule ta bar wani siririn zare a tsakiya, ga yauƙi, ga warin kwata, to ruɓewa ce.

Ka ciro shukar nan take. Ka yanke duk sashen da ya yi laushi da almakashi mai tsabta, ka ɗauraye sauran da ruwa mai sanyi. Ka zubar da ruwan bokitin nesa da sauran shukoki, ka wanke bokitin da tiyo da dutse da ruwan bilic, ka ɗauraye sosai. Ka dama sabon ruwa da rabin takin da ka saba, ka bar tazara mai faɗi, ka rage wasu manyan ganye don saiwar da ta rage ta iya ɗaukar nauyinsu, ka kai shukar inuwa. Idan cikin mako ɗaya ka ga fararen saiwoyi sun tsiro daga sama, ta tsira, sai ka mayar da ita rana sannu a hankali. Idan ruɓewar ta kai gindin kara ya yi baƙi, ka cire ta gaba ɗaya, kada kuma ka sa almakashin ko hannunka a wani bokitin sai ka wanke.